Alƙalamin Na'Allah da Idon Inno

Akwai wani mutum a Bodinga mai suna Malam Na'Allah, wanda sana'arsa ita ce rubuta wa mutane wasiƙa. A ƙarshen jamhuriya ta biyu aka yi wannan labari, lokacin da babu waya a ƙauye, masu iya boko kuma ba su da yawa. Ranar kasuwa yakan kafa ɗan teburinsa a gindin wani dogonyaro kusa da rumfar masu albasa, ya jera takarda da ambulan da biro, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya zauna jiran masu buƙata.

Maganar gaskiya, Malam Na'Allah ya iya rubutu. Ya yi karatun allo har ya sauke, ya taɓa koyarwa a ajin yaƙi da jahilci, ya kuma tsinci Turanci daidai gwargwado. Har 'yan siyasa wurinsa suke zuwa ya tsara musu jawabin da za su karanta a taro. Matsalarsa ɗaya ce: ya san ya iya, kuma sanin ya hau masa kai.

Yana da wata ɗabi'a. In ya gama rubuta wasiƙa, sai ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya karanta ta da ƙarfi wai don mai ita ya ji. Mai ita kam yana ji, haka ma mai nama da mai goro da duk wanda ya zo wucewa. Mutane su taru suna jinjina kai, shi kuwa yana ta kumbura. Sau da yawa mai wasiƙar yakan tafi bai gane rabin abin da aka rubuta da sunansa ba, amma yana murna tunda kowa ya ce ta yi daɗi.

A shekarar nan abubuwa sun fara tsanani. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, shinkafa da sabulu da madara sai an bi layi, damina kuma ta zo tana gardama.

Wata ranar kasuwa a farkon daminar, wani dattijo mai suna Bawa ya zo daga Mandera ta ƙasar Shagari, tare da wata tsohuwa da 'yarta ke riƙe da hannunta. Tsohuwar sunanta Inno, matar marigayi wansa ce. 'Yar kuma Khadijatu. Suka zaunar da Inno a gefe, Bawa ya matso gaban tebur ya durƙusa.

Bayan sun gaisa ya ce, "Ranka shi daɗe, wasiƙa munka zo a rubuta muna zuwa Kaduna. Ɗan wana na, Attahiru, shina aikin masaƙa can. Ya daɗe bai taka Mandera ba. Dauri shikan aiko da saƙo, yanzu ko gaisuwa babu. Ga uwatai nan, idonta na mutuwa. Mun kai ta asibiti Sakkwato, sunka ce abin ya yi nisa. So nike shi zo ta gane shi tun da sauran gani."

Malam Na'Allah ya ce, "Wanga ƙaramin aiki na."

Bawa ya ce, "Ka yi mai hwaɗa ƙwarai, Malam. Ka sa mai maganar da za ta hana shi barci."

Duk wannan magana da ake yi, Inno ta kau da kai tana fuskantar rumfar masu tukwane, kamar ba da ita ake ba. Ku da kuka tashi a irin gidajenmu kun san dalili. Attahiru ɗan fari ne, uwa kuwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, ko da zuciyarta na ci da wuta. Malam Na'Allah ya san wannan al'ada sarai. Shi ya sa bai tambaye ta komai ba, ya ga ɓata lokaci ne.

Ya sunkuya ya kama rubutu. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin shafi. Daga nan ya jawo aya a kan haƙƙin iyaye, ya bi ta da hadisi, ya zuba karin magana iya wanda ya sani. Ya kira Attahiru ɗan da ya sha nono ya yi butulci. Ya ce hasken lantarkin birni ya rufe masa ido. Ya yayyafa kalmomin Turanci nan da can don a san ba ƙaramin malami ne ya rubuta ba. Zancen idon Inno, wanda shi ne dalilin wasiƙar, sai can ƙasan shafin ƙarshe ya samu layi ɗaya.

Ya miƙe ya karanta. Kasuwa ta yi tsit. Da ya kai ƙarshe, wani mahauci ya buga wuƙa a kan katako ya ce, "Kai, Malam! Wagga wasiƙa ko jaki anka karanta ma, sai ya tahi gaida uwatai!"

Aka fashe da dariya. Bawa ya yi ta godiya. Aka ba wa Mainasara wasiƙar, wani direban babbar mota da ke kai kayan gona Kaduna, wanda ya san ɗakin da Attahiru yake kwana.

Aka zuba ido. Gero ya yi kai, babu Attahiru, babu amsa.

Bawa ya dawo shi kaɗai, ransa a ɓace. Malam Na'Allah ya ce laifin ba na alƙalami ba ne, yaron ne zuciyarsa ta bushe, amma zai ƙara wa maganin ƙarfi. Ya rubuta ta biyu, wadda ta fi ta farko zafi. A cikinta har ya ce mahaifiyarsa na dab da yi masa baki in bai zo ba, maganar da Inno ba ta taɓa furtawa ba. Wannan ma ya karanta wa kasuwa, aka yi masa kirari.

Aka yanke ɗan geron da Allah ya bayar, aka kai rumbu. Shiru.

A tsakanin nan idon Inno yana ta ja da baya. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama ne ya rage, shi ma sai rana ta ɗaga sosai take ganin abu.

Wata ranar kasuwa da la'asar, Malam Na'Allah yana tattara kayansa, sai Mainasara direba ya zo ya zauna a kan bencin masu jira. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu kafin ya yi magana.

Ya ce, "Malam, ni ba ni son a ce direba ya koma mai kai gulma. Amma abin ya tsaya mani a rai. Ka san wanga yaro ba shi da aiki?"

Malam Na'Allah ya ce, "Wane yaro?"

"Attahiru. Masaƙa ta rage ma'aikata tun bara, da shi ciki. Dako shikai tasha yanzu. Ɗaki guda suke kwana shi da mutanenmu na nan, sun kai nawa. Ya gaya mani da bakinai, tarawa shikai shi sai ma tsohuwa turmin atamfa da ɗan abin da za shi miƙa ma baffanai, don kada shi shigo gari hannu rabbana a yi mai dariya."

Malam Na'Allah ya ce, "To ai wasiƙata ta isa ta sa shi ajiye wannan tunani."

Mainasara ya girgiza kai. "Nan at take, Malam. Boko nai ba ta da ƙarhi, rubutunka kuwa a sarƙe yake, ga Turanci. Ya duba ya kasa. Sai yab ba wani ɗan ɗakinsu shi karanta mai. Gaban kowa anka karanta. Ina wurin. Da anka zo wajen nono da butulci, yaron nan ya sunkuyar da kai bai ƙara ɗagowa ba. Yanzu in za su tsokane shi, Sha-nono suke ce mai. Da ta biyu taz zo, ko buɗe ta bai yi ba sai da kowa yaf fita, yas samu wani yaƙ ƙara karanta mai. Yac ce mani, 'Tunda har Inno ta kai ga yi mani baki, da wace huska za ni gida?'"

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Dauri kunyar tsaraba kaɗai ta tare shi. Yanzu kunya biyu ta."

Malam Na'Allah ya ɗaure teburinsa a bayan keke ya tafi gida.

Amma kun san mai girman kai, ba ya faɗuwa sau ɗaya. Yana isa gida ya shiga ba matarsa Zulaihatu labari, yana neman wanda zai tsaya masa. Tana tankaɗe a tsakar gida. Ya ce ta saurara ta ji ko akwai aibu a wannan rubutu, ya karanto mata wasiƙar farko da ka, don ya haddace ta tsaf saboda yawan jin daɗinta.

Ta bari har ya gama. Sannan ta ce, "Malam, ta yi daɗi. Amma wa kar rubuta ma? Yaron, ko mutanen kasuwa?"

Ya ce, "Wace irin tambaya ta wagga?"

Ta ce, "Na ji aya, na ji hadisi, na ji ka. Tsohuwar ce ban ji ba. Ni da ina nesa anka aiko mani wagga, wallahi ko hanyar garinmu ba ni ƙara kallo. Wa ka son zuwa inda anka riga anka yanke mai hukunci?"

Ya tashi fuu ya shige ɗaki, yana cewa mata ba su san rubutu ba. Ya yi fushi da ita, amma bai yi fushi da tuwo ba, ya cinye abinsa tas. Sai dai maganar ta zauna. Shekara da shekaru yana rubutu, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa a wane ɗaki za a buɗe wasiƙarsa ba, ko wa zai kasance a zaune a wurin. Ya ji kunya ƙwarai, irin wadda mutum ke ji shi kaɗai ba mai ganinsa.

Washegari ya hau motar Shagari, ya sauka ya ƙarasa Mandera a ƙafa. Bai ɗauki tebur ba, takarda da biro kawai ya sa a aljihu.

Khadijatu ta yi masa iso, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu, ta kawo fura. Inno na zaune a ƙofar ɗakinta. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Inna, wasiƙa za ni ƙara rubutawa Kaduna. Mi kike so in hwaɗa mai?"

Ta ce, "Ni? Ba ni da magana da wancan. Baffanai ya gama magana."

Da a da ne, da ya tashi ya kama hanya. Wannan karon ya zauna. Ya shiga yi mata hirar damina, da tsadar gishiri, da wanda ya rasu da wanda ya haihu. Yana hira yana lura.

Ya ga ta miƙa hannu za ta ɗauki moɗa, hannun ya sauka a gefe, sai da ta lalubo. Ya ga duk lokacin da ƙarar mota ta taso daga babbar hanya takan yi shiru a tsakiyar magana, sai ƙarar ta wuce ta ci gaba. Ya ga da rana ta ɗaga ta ja tabarmarta zuwa tsakiyar gida. Khadijatu ta raɗa masa cewa a wannan lokaci ne kaɗai take gane fuskar mutum, da inuwa ta juya kuma shi ke nan sai gobe.

Azahar ta yi, ya je masallaci ya dawo ya sake zama. Can cikin hira ya tambayi lambunsu na fadama, ko za su yi albasa bana.

Inno ta yi ajiyar zuciya. "Iri kam Khadijatu ta zuba, ya isa dashe. Amma rijiyar lambu ta rushe tun ruwan ƙarshe. Bawa ya tsuhwa, ba shi iya shiga rami." Ta gyara lulluɓi. "Wancan na Kaduna shi ag gwanin gyaranta. Tun shina yaro, shi ka shiga shi yashe ta, shi ɗaure bakinta da itace. Ba wai nemanai nikai ba. Rijiya dai nike hwaɗi."

Malam Na'Allah ya ce a hankali, "Inna, an ce tsaraba ta tsai da shi. Shina so shi sawo maki atamfa."

Ta yi wata 'yar dariya. "Atamfa? Wa za shi ga zanenta? Ni da ba ni rarrabe ja da baƙi. Mai hankali na shi, ban san inda yas samo wanga shirme ba."

Nan take Malam Na'Allah ya zaro takarda, ya ɗora a kan gwiwa.

Jama'a, ku zo ku ga gwanin rubutu yana gumi a kan 'yan layuka. Hannunsa ya saba da hanya, da ya ɗora biro sai doguwar gaisuwa ta fara zubowa. Ya soke. Wani karin magana mai daɗi ya zo masa, ya rubuta, ya dube shi, ya tambayi kansa ko don Attahiru ya sa shi ko don a yaba masa. Ya soke. Kalmar Turanci ta leƙo, ya kore ta. Ya ɓata takarda ya sake ɗaukar wata. Ya daina sarƙa haruffa, ya riƙa rubuta su manya, a rarrabe, yadda yake yi wa 'yan ajin yaƙi da jahilci, don yaron ya karanta da kansa. Kuma kowane layi sai ya auna shi: in aka karanta wannan a gaban 'yan ɗakinsu, zai sunkuyar da kai ko zai ɗaga?

Da ya gama bai miƙe tsaye ba. Ya matsa kusa, ya karanta wa Inno da Khadijatu da murya ƙasa ƙasa. Ya zo wani wuri da ya rubuta cewa mahaifiyarka tana kuka dare da rana.

Inno ta ɗaga hannu. "Cire wanga. Ban yi kuka gabanka ba, kuma ya san ni. In yaj ji haka, za shi ce dut sauran ma ƙarya ta."

Malam Na'Allah ya so ya yi gardama, don layin nan shi ne ya fi burge shi. Ya haɗiye, ya soke shi.

Ga abin da ya rage:

"Attahiru, gaisuwa daga Mandera. Rijiyar lambun fadama ta rushe, Inno ta ce kai ne gwanin gyaranta. Irin albasa ya isa dashe, kuma babu hannu. Idonta na hagu ya tafi. Na dama yana gani da hantsi, da yamma ba ya gani, kuma kullum raguwa yake. Ta ce kada ka wahalar da kanka da tsaraba, ba ta rarrabe launin zane yanzu. Mainasara zai ajiye maka wuri a motarsa in zai dawo. Ka zo. Maganganun da ke cikin wasiƙu biyu na baya nawa ne, ni Na'Allah mai rubutu. Inno ba ta faɗi ko ɗaya ba. Ka yafe mini."

Khadijatu ta ce, "Malam, ita ke nan? Ba ta yi kaɗan ba?"

Ya ce, "Ni ma haka nig gani. Amma na duba, ban ga abin da za ni ƙara ba."

Layukan ƙarshe su suka fi ba shi wuya. Mutumin da kasuwa ke yi wa kirari, yau ga shi yana roƙon gafarar ɗan dako a rubuce, da sunansa. Ya liƙe ambulan da kansa, ya kai wa Mainasara har tasha, ya roƙe shi ya ba Attahiru a hannu lokacin da yake shi kaɗai.

Ranar kasuwa ta zagayo, mahaucin nan ya tambaye shi, "Malam, yaushe za mu ji ta ukku?"

Ya ce, "Ba taku ba ce."

Kwanakin jira sun yi wa Malam Na'Allah tsawo. Bai san ko gajeriyar wasiƙa za ta yi abin da dogaye suka kasa ba. Abin da ya fi damunsa shi ne watannin da rubutunsa ya cinye, don idon tsohuwa ba ya jiran kowa. In yaron ya zo bayan hasken ya ɗauke, ya san rabon laifinsa a ciki.

Wata rana da yamma yana zaune a ƙofar gida, sai ga motar Mainasara ta tsaya a bakin titi. Direban ya leƙo ta taga yana murmushi, ya nuna bayan mota da babban yatsa. A can saman buhuna wani saurayi ne zaune, ramamme, da 'yar jakar leda a cinya.

Mainasara ya sauko ya ce wa Malam Na'Allah a kunne, "Da kainai yak karanta. Ya zauna bayan mota shina bin ta da yatsa, harahi harahi. Da yag gama yan ninke ta yas sa aljihu, yac ce mani, 'Yaushe za ka koma?'"

Saurayin ya sauko ya durƙusa ya gaida Malam Na'Allah. Malam ya kama hannunsa kawai ya ce, "Sannu da hanya. Ku yi sauri."

Amma kafin su isa Mandera rana ta faɗi. Khadijatu ta ruga ta rungume wanta tana kuka, Bawa ya fito yana ta hamdala, maƙwabta suka cika gida. Attahiru ya je ƙofar ɗakin mahaifiyarsa ya durƙusa ya yi sallama.

Daga ciki Inno ta amsa, muryarta ba ta canza ba. Ta ce, "Khadijatu, a ba baƙo ruwa. Shi ci abinci shi kwanta, sai da sahe."

Ba ta fito ba. Wasu suka ce tsohuwar nan akwai taurin rai. Attahiru ya koma zaure jikinsa a sanyaye, yana zaton fushi take da shi. Khadijatu ce kaɗai ta gane: ba ta so haɗuwarsu ta farko ta zama a lokacin da ba za ta gan shi ba.

Da safe Malam Na'Allah ya biyo motar farko, don zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya isa da hantsi, ya tarar an shimfiɗa wa Inno tabarma a tsakiyar gida, rana na dukan wurin sosai. Attahiru yana rakuɓe a inuwar zaure, bai san ko ya matso ba.

Inno ta ce, "Khadijatu, ce ma wancan shi zo shi kau da turmin ga, ya tare mani hanya."

Turmin yana nan dab da tabarmarta, a cikin rana, kuma babu hanyar da ya tare. Attahiru ya taso ya zo ya sunkuya zai ɗauka.

Ta ce, "Tsaya."

Ya tsaya a sunkuye, hannunsa a kan turmi, rana a fuskarsa. Inno ta karkata kai, ta juyo da idon dama, ta kafa masa shi. Matar da ta yi shekaru tana kau da kai in ya shigo, yau ta dube shi a gaban kowa, ta daɗe tana dubawa, tun daga hula har haɓa.

Sannan ta ce, "Ashe gemu ka aje."

Attahiru ya saki turmin, ya zube a gabanta yana kuka kamar ƙaramin yaro. Malam Na'Allah ya juya ya fita waje, don shi ma idonsa ya cika.

Attahiru ya gyara rijiya, suka dasa albasa. Kafin a cire ta, idon Inno na dama ya rufe gaba ɗaya. Ta rayu shekaru bayan haka, kuma duk wanda ya zo yi mata jaje a kan makanta takan ce masa, "A'a, ku bar ni da godiya. Na gane shi."

Darasi: 'Yan uwa masu rubutu, ko wasiƙa ce, ko labari, ko 'yar sanarwa a wannan dandali, kafin ka ɗora alƙalami ka san wa kake yi wa magana, da halin da yake ciki, da abin da yake jin tsoro. Ka fara da abin da ya kawo ka, ka roƙi abu ɗaya, ka faɗe shi da kalmomin da mai karatu zai gane da kansa. Ƙaramin abu na gaskiya da ka gani da idonka ya fi shafi guda na wa'azi shiga zuciya, ƙarya ɗaya kuma tana rushe duk sauran. Ka karanta wa wani kafin ka aika, in ya ce ka cire layin da ka fi so, ka yi haƙuri ka cire. Kuma kada ka kunyata mutumin da kake so ya dawo, ka bar masa ƙofar da zai shigo da mutuncinsa. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga wani mai rubutu, ko ga wanda ya daɗe bai leƙa gida ba.